Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko, Durɓin Da Ya Zama Sarki

A cikin sarakunan Arewa waɗanda suka ga zuwan Turawa da idonsu, kaɗan ne labarinsu ya kai na Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko abin lura. An haife shi cikin 1865, ya hau gadon sarauta cikin 1906, ya rasu cikin 1944, watau ya yi wajen shekara 38 yana riƙe da ƙasar Katsina. Ubansa bai yi sarautar Katsina ba, kakansa bai yi ba, ba kuwa wanda ya taɓa yi a gidansu kafinsa. Daga sarautar Durɓi ya hau. Saboda haka wanda ya ke so ya fahimci mutumin nan, tilas ya fara da sanin sarautar da ya fito daga cikinta, gama ita ma tana da nata tarihi, wanda ya girmi ganuwar birnin kanta.

Asalin Sarautar Durɓi

Gabas da birnin Katsina, a ƙasar Mani, akwai wani wuri da a ke kira Durɓi ta Kusheyi. Masu riƙe da tarihi na baka sun ce nan ne mazaunin sarakunan farko na wannan ƙasa, watau Durɓawa. Suna fara lissafinsu daga Kumayau, jikan Bayajida, su ƙare da Sanau. Sa'an nan su ce wani mutumin 'Yandoto mai suna Muhammadu Korau ya zo ya yi kokawa da Sanau, ya kā da shi ya kashe shi, bayan matar Sanau ta tona asirin maganin mijinta. Korau shi ne Musulmi na farko da ya yi sarautar Katsina, yawancin masana kuwa suna sa zamaninsa cikin ƙarni na 15.

Ko da labarin kokawar ya ke na baka ne, ƙasa ta ba da tata shaida. A Durɓi ta Kusheyi akwai manyan tuddai waɗanda kaburbura ne. An haƙa su cikin 1907, aka sāke haƙawa cikin 1992, aka sami kayan tagulla, da na hauren giwa, da na zinariya, da duwatsun ado, irin waɗanda ba a binne talaka da su. Wannan ya nuna lalle an yi wasu masu mulki da wadata a wurin nan tun shekaru aru aru.

Abin lura shi ne, da mulki ya fita daga hannun Durɓawa, sunansu bai ɓace ba. Sai ya zama sarauta a ƙarƙashin Sarkin Katsina, mai riƙe da ita kuma ya shiga cikin manyan da ke zaɓen sabon sarki, tare da Ƙaura, da Galadima, da 'Yandaka. Watau gidan da aka karɓe wa gadon sarauta, shi aka bar wa baki cikin zaɓen wanda zai hau gadon. Wannan dabara ce ta mutanen dā, don kada wanda aka kayar ya zama abokin gāba har abada.

Durɓi Bayan Jihadi

Haka aka zauna har zuwa jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. A ƙasar Katsina mutum uku suka ja gaba, su ne Malam Ummarun Dallaje, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Na Alhaji. Cikin 1807 birni ya faɗa hannunsu, sarauta ta tabbata a hannun Ummarun Dallaje, zuriyarsa kuwa su a ke kira Dallazawa. Sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa Maraɗi.

Nan sarautar Durɓi ta rabu biyu. Waɗanda suka tafi Maraɗi suka tafi da tsarinsu duka, suka ci gaba da naɗa Ƙauransu, da Galadimansu, da 'Yandakansu, da Durɓinsu, suna kuma kiran sarkinsu Sarkin Katsina. Filanin da suka ci birni su ma ba su zubar da sarautun da suka tarar ba, sai suka naɗa mutanensu a kai. Aka wayi gari akwai Durɓi a Katsina, akwai Durɓi a Maraɗi, kowanne yana ɗaura wa ɗan'uwansa yaƙi. Ta wannan hanya ce sarautar ta iso hannun Giɗaɗo, Basulluɓe, mahaifin Muhammadu Dikko.

Irin wannan daɗewa ta sarauta, tana fita daga gida tana shiga wani gida, ba a ƙasar Hausa kaɗai a ke samunta ba. A Ingila akwai wata tsohuwar sarauta ta babban hakimi, ta ƙasar Darbi. Kamar sunan da Durɓi dacewa ce kawai, ba abin da ya haɗa su, amma labarinsu ya yi kama. An fara ba da ita ga gidan Ferrers cikin 1138, aka karɓe ta cikin 1266 saboda mai riƙe da ita ya yi wa sarki tawaye. Ta koma gidan Lankasta, har wani mai riƙe da ita, Henry, ya tuɓe Sarki Richard na Biyu cikin 1399 ya hau gadon Ingila. Cikin 1485 aka ba da ita ga Thomas Stanley, wanda gidansu ya taimaki Henry na Bakwai ya sami mulki. Ko can ko nan, sarauta takan fi mai riƙe da ita tsawon rai, kuma wanda ya ke kusa da gado wata rana yakan hau shi.

Tashin Muhammadu Dikko

An haifi Dikko zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello ɗan Ummarun Dallaje. Ya tashi yadda 'ya'yan manyan hakimai na wancan zamani su ke tashi, da allo a hannu ɗaya, da linzami a ɗaya. Zamanin kuwa ba na kwanciyar rai ba ne. Sa'ad da ya ke yaro Ɗan Baskore ke sarautar Maraɗi, dawakinsa ba su bar ƙauyukan Katsina sun huta ba. Da ya girma kuma sai ga hare haren Ƙaura Hasau. Manomi yakan tafi gona da kwari da baka, gari kuwa in ba shi da ganuwa ba ya kwana da ido biyu rufe.

A wannan hali Dikko ya sami sarautar ubansa, yana da sauran ƙuruciya, ya riƙe ta zamanin Sarki Abubakar ɗan Ibrahim, wanda ya hau cikin 1887. A lokacin nan manyan hakimai a birni su ke zaune kusa da sarki, jakadunsu ke kai da kawowa tsakaninsu da garuruwan da ke hannunsu. Aikin hakimi shi ne ya tara kuɗin ƙasa, ya kawo dawaki da dakaru ran da aka buga tambarin yaƙi, ya kuma ciyad da duk wanda ya sauka ƙofar gidansa. Nan Dikko ya koyi abin da ya amfane shi daga baya, watau sanin inda hatsi ya ke, da inda mutane su ke, da yadda a ke sa su aiki ya gamu cikin lokaci.

Zuwan Turawa

Cikin watan Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano, cikin Maris suka ci Sakkwato. Daga can Gwamna Lugga ya biyo ta Katsina. Sarki Abubakar ya ga abin da ya sami waɗanda suka fi shi yawan dakaru, sai ya karɓe shi ba tare da yaƙi ba. Aka bar shi a kan sarautarsa, aka ajiye soja a Katsina.

To, soja suna bukatar dawa, da itacen wuta, da ciyawar dawaki, da ma'aikatan da za su gina bariki. Yawancin manyan gari ba su son kusantar baƙin nan, wasu don ƙyama, wasu don tsoro, wasu don suna zaton Turawa ba za su daɗe ba. Hidimar ta faɗa wuyan Durɓi. Shi kuwa ya duba ya ga mutanen nan ba masu wucewa ba ne, ya tsaya ya yi aikin sosai. Abin da aka nema ya kawo, ran da ya ɗauki alkawari ya cika. Kafin a jima Turawan da ke Katsina ba su san sunan kowa ba kamar nasa.

Tsakanin Sarki Abubakar da Turawa kuwa ba a sami jituwa ba. Suka zarge shi da ƙin ba su hannu, suka tuɓe shi cikin 1904, aka tafi da shi Ilori. Aka naɗa Yero ɗan Sarki Musa, shi ma Badallaje. Cikin Fabrairu 1906 aka yi tashin Satiru kusa da Sakkwato, inda aka kashe Turawa uku da sojansu da dama. Abin ya firgita Gwamnati ƙwarai, ta shiga duban kowane sarki da idon tuhuma. Baturen da ke riƙe da Katsina a lokacin, Mista Palmer, bai gamsu da Yero ba. Cikin Nuwamba 1906 aka tuɓe shi, aka ba Durɓi Muhammadu Dikko riƙon ƙasa, aka tabbatar masa da sarauta a farkon 1907.

Abin Da Naɗin Ya Jawo

Ba daidai ba ne a ba da labarin nan a tsallake nauyinsa. Tuɓe sarki ba sabon abu ba ne a Katsina, gama Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiku cikin 1844. Amma ko a lokacin nan sarauta ba ta bar gidan Ummarun Dallaje ba, ɗan'uwansa aka ba. Dallazawa sun riƙe Katsina shekara ɗari ba ɗaya, da tutar da kakansu ya karɓo. Yanzu ga shi an fid da sarauta daga gidan ɗungum, an ba wanda aikinsa shi ne ya zaɓi sarki, ba ya zama sarki ba. Wanda ya yi naɗin kuma ba Sarkin Musulmi ba ne, Nasara ne. Ba mamaki da Dallazawa da masoyansu suka ji zafin abin, suka daɗe suna jinsa.

Dikko ya san haka sarai. Ya san ba shi da hujjar gādo da zai dogara a kai, ya san kuma wanda ya ɗora shi yana iya sauke shi kamar yadda ya sauke biyu a gabansa cikin shekara uku. Abu ɗaya ya rage masa, shi ne aiki. In an dubi shekarunsa na sarauta da wannan ido, sai a gane dalilin da ya sa kusan kowane sabon abu da ya shigo Arewa a zamanin nan, a kan tarar Katsina tana cikin na gaba.

Baitulmali

Babban aikin da ya fara da shi, wanda ya kamata kowane akawu ya sani, shi ne kafa Baitulmali. A dā haraji iri iri ne: kuɗin ƙasa, da jangali, da kuɗin rafi, da kuɗin karofi, da sauransu. Mai gari ya tara ya ɗebi nasa, jakada ya ɗebi nasa, hakimi ya ɗebi nasa, abin da ya saura ya isa gaban sarki. Ba a rarrabe dukiyar sarki da dukiyar ƙasa. In sarki mai kyauta ne jama'a su sha daɗi, in mai rowa ne su yi haƙuri.

A farkon sarautar Dikko, shi da Palmer suka shirya wata hanya dabam. Duk abin da aka tara a kawo shi wuri ɗaya a rubuta. Gwamnati ta ɗauki rabonta, saura ya shiga Baitulmali a hannun Ma'aji. Daga ciki a yanka wa sarki albashi, a yanka wa hakimai, da alƙalai, da dogarai, da malamai. Abin da ya rage a yi aikin jama'a da shi, kamar hanya, da rijiya, da kasuwa, da makaranta. Kowace shekara a yi ƙiyasin abin da zai shigo da abin da zai fita, kowane kwabo kuma a san inda ya tafi. Baitulmalin Katsina shi ne na farko a Arewa, daga nan tsarin ya bazu zuwa sauran ƙasashen sarakuna, ya zama ginshiƙin mulkin En'e har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

A dubi abin da wannan ya ke nufi ga sarkin kansa. Mutum ne da ya tashi a zamanin da dukiyar ƙasa ta sarki ce, ya yarda a ƙayyade masa abin da zai karɓa a wata, a rubuta a littafi, yaro akawu ya duba. Ba kowane sarki na lokacin ya karɓi wannan da daɗin rai ba.

Amma gyaran yana da nasa ɗaci. Haraji ya koma na kuɗin Turawa maimakon wuri da hatsi, ba ya kuwa jiran damina ta yi kyau. Talakawa sun ji jiki, balle a shekarar yunwar Kakalaba ta 1914, ga kuma aikin tilas na gyaran hanyoyi. Har wa yau an fitad da hakimai daga birni, aka ce kowa ya koma ya zauna cikin ƙasarsa. Durɓi ya zauna Mani, Ƙaura a Rimi, Galadima a Malumfashi, 'Yandaka a Dutsin Ma. Manyan da dā sarki ke shakkarsu, don suna da dawakinsu da dukiyarsu, suka zama ma'aikata masu jiran albashi. Ashe a hannun tsohon Durɓi ne sarautar Durɓi ta rage ƙarfi, gadon sarki kuwa ya ƙara.

Tafiya Makka Da Ingila

Cikin 1921 Dikko ya yi abin da ba wani sarkin Arewa mai riƙe da sanda da ya taɓa yi, ya tafi aikin hajji ya komo kan gadonsa. A lokacin nan mahajjata da ƙafa su ke tafiya, su bi ta Barno, da Wadai, da Darfur, su ƙetare Bahar Maliya, waɗansu su shekara biyar ko fi, waɗansu ba su komowa. Gwamnati kuma ba ta sakin jiki da tafiyar manya gabas, tun abin da ya faru cikin 1903, sa'ad da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira jama'a suka bi shi, har aka kashe shi a Burmi.

Dikko ya bi ta Ikko ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila. A Landan ya gana da Sarki Joji na Biyar, wanda ya ba shi lambar girma. Daga nan ya wuce Jidda, ya isa Makka zamanin Sharif Husaini yana mulkin Hijaz. Cikin 1933 ya sāke komawa, ya tarar ƙasar ta koma hannun Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud. Ingila ma ya koma ba sau ɗaya ba, daga baya kuma aka ba shi lambar C.B.E.

Amfanin tafiyar nan ya wuce na kansa. Ta nuna wa sarakuna da talakawa mutum yana iya ganin ƙasar Turawa ya komo da addininsa da rawaninsa. Ya komo kuma da sha'awar abubuwan da ya gani, har da wasan ƙwallon dawaki, wanda ya kafa a Katsina. 'Ya'yansa suka ƙware a kai, musamman Usman Nagogo, har sunan Katsina ya zama ba a raba shi da wasan.

Kwalejin Katsina

Katsina tsohon garin malamai ne, garin Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani. Da Gwamnati ta yi niyyar kafa makarantar horad da malamai domin Arewa duka, sai aka zaɓi Katsina, saboda sunanta na ilmi, da kuma sanin sarkinta zai riƙe abin hannu biyu. Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina cikin Maris 1922. A lokacin nan iyaye da yawa ɓoye 'ya'yansu su ke yi kada a kai su makarantar boko. Sarkin Katsina ya sa nasa, ya sa hakimansa su kawo nasu.

Cikin waɗanda suka yi karatu a kwalejin nan akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya, da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa, da Kashim Ibrahim, Gwamnan Arewa, da Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Cikin 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, cikin 1949 ta koma Zariya, ita ce aka sani da sunan Barewa. Ɗaya daga cikin malamanta, Malam Bello Kagara, shi ya rubuta littafin tarihin Sarki Dikko.

Bai tsaya ga 'ya'ya maza ba. Katsina da Kano su ne farkon wuraren da aka buɗe makarantar 'yan mata a ƙasar Hausa, wajen 1930, a lokacin da ko zancen haka ba kowa ke iya yi a gaban dattawa ba. A zamaninsa kuma aka sami asibiti a birni. Ƙasar da ya karɓa tana ƙarƙashin Lardin Kano, aka mai da ita Lardin Zariya cikin 1926, cikin 1934 kuwa Katsina ta zama lardi mai zaman kanta.

Rasuwarsa Da Abin Da Ya Bari

Alhaji Muhammadu Dikko ya rasu cikin 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, yana da shekara wajen 79. Ɗansa Usman Nagogo ya gāje shi, ya yi sarauta har 1981. Bayansa aka naɗa ɗansa Muhammadu Kabir Usman, wanda ya rasu cikin 2008, aka naɗa Abdulmumini Kabir Usman. Ta haka gidan Durɓi Giɗaɗo ya zama gidan sarautar Katsina, Sulluɓawa suka riƙe Katsina kamar yadda danginsu suka riƙe Kano tun daga Ibrahim Dabo cikin 1819. Sarautar Durɓi kuwa ba ta mutu ba. Ta ga Durɓawa, ta ga gidan Korau, ta ga Dallazawa, ta ga Turawa sun zo sun tafi.

Mutane ba za su daina rabuwa a kan yadda Dikko ya hau ba. Mai cewa Turawa suka ɗora shi bisa gadon da ba na gidansu ba, gaskiya ya faɗa. Mai cewa ya riƙe gadon nan da aikin da ya amfani Arewa duka, shi ma gaskiya ya faɗa. Abin da ya kamata malami da akawu su ɗauka daga labarinsa shi ne, yadda mutum ya sami muƙami dabam, abin da ya yi da shi dabam, na biyun kuwa shi ne a hannunsa. Littafin kuɗin da akawu ya ke cikawa, da allon da malami ya ke tsayawa gabansa, duka suna da asali a zamanin sarkin nan, amana ce kuwa da aka bar wa na baya.

Allah ya jiƙan Alhaji Muhammadu Dikko, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan sarakunan da suka riga shi, amin.